Mamman Shata: Mawaƙin da ya yi suna, ya kuma yi wa wasu suna

Hausa na da kalmomi da dama ga mutumin da ya yi fice. Sananne shi ne wanda aka sani a unguwa ko a gari. Fitacce ya zarce tsararrakinsa a sana'arsa. Shahararre kuwa sunansa ya kai inda ƙafarsa ba ta taka ba. Alhaji Mamman Shata Katsina ya bi ta duk waɗannan matakai, sannan ya kai matsayin da bakinsa ke ɗaga sunan wani ko ya kayar da shi.

An haife shi a Musawa, cikin Jihar Katsina ta yanzu, a 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, domin a lokacin ana kallon waƙa a matsayin roƙo, kuma gidansu ba gidan maroƙa ba ne. Shata ya fara da tallar goro da alewa, amma zuciyarsa tana dandali, inda yake yi wa samari da 'yan mata waƙa. Daga baya ya rungumi kiɗan kalangu, ya zauna a Bakori da Funtuwa da Kano.

Manyan mawaƙan da suka gabace shi galibi na fada ne, kowa da sarkinsa. Shata bai ɗaure kansa a fada ɗaya ba. Ya waƙe Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ya kuma waƙe direbobi da 'yan kasuwa da manoma da mata. Mutane irin su Garba Bichi da Indon Musawa da Hassan Sarkin Dogarai, da yawa daga masu jin sunayensu a yau ba su san fuskokinsu ba, ta bakin Shata suka san su. Rediyo da faifan garmaho da kaset suka kai waɗannan sunaye Nijar da Ghana da Kamaru.

Wannan baiwa tana da kaifi biyu. Bakin da ke yabo shi ne ke zambo, kuma waƙar Gagarabadau ta nuna yadda habaicinsa ke bin mutum har kasuwa da tasha. Shi ya sa manya ke girmama shi, suna kuma shakkarsa.

Bai tsaya ga yabon mutane ba. Ya yi waƙoƙin ƙarfafa gwiwar sojoji a lokacin yaƙin basasar Najeriya, ya yi na noma da kiwon lafiya, har da na kumbon Apollo 11 da ya sauka a duniyar wata a 1969. An san shi da ƙirƙirar waƙa nan take, 'yan amshi na maimaita layi guda, shi kuma yana zuba baitoci. A Bakandamiya kuwa kansa ya wasa.

Shahara ba ta wanke shi daga suka ba. Malamai da dama sun ƙi waƙarsa da ke ambaton shan giya. Duk da haka, a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta ba shi digirin girmamawa na Dakta, gwamnatin tarayya kuma ta ba shi lambar yabo ta MON. Sana'ar da mahaifinsa ya ƙyamata ita ce ta kai sunan gidansu zauren jami'a.

Ya rasu a Kano ranar 18 ga Yunin 1999, aka yi masa sutura a Daura, garin ubangidansa Sarki Bashar.

A yau mutum kan wayi gari tauraro saboda bidiyon minti ɗaya a waya, kafin shekara ta zagayo an manta da shi. Shata ya shafe sama da shekara 50 yana waƙa, kuma har yanzu ana jin muryarsa a motocin haya da shagunan teloli, tare da sunayen mutanen da ya waƙe.