René Laennec, likitan da ya saurari huhu

An haifi René Laennec a garin Quimper na ƙasar Faransa a shekarar 1781. Yana ɗan shekara biyar tarin fuka ya kashe mahaifiyarsa.

A shekarar 1816, a asibitin Necker da ke birnin Paris, ya naɗe takarda ya kara a ƙirjin wata majinyaciya. Daga nan ya ƙera na'urar sauraren ƙirji ta katako.

Yakan gwada sautin da ya ji da abin da ya tarar cikin huhun mamata. Ta haka ya bayyana, a littafinsa na 1819, yadda doguwar cuta ke faɗaɗa hanyoyin numfashi, kuma iska ta maƙale cikin huhu.

Shi ma tarin fukan ne ya yi ajalinsa a 1826, yana da shekara 45.