Sir William Dugdale, Mai Tarihin Lardin Warwick

A ƙasar Ingila, in mutum yana neman asalin wani gida a Lardin Warwick, ko yana so ya san wanda ya mallaki wata ƙasa a zamanin da, da wuya ya gama bincike bai buɗe littafin Sir William Dugdale ba.

An haife shi a ƙauyen Shustoke cikin 1605. Ya yi makaranta a Coventry, aka yi masa aure yana da shekara 17. Tun yana saurayi ba abin da ya ke so kamar tonon tsofaffin takardu. Cikin 1638 ya shiga ma'aikatar Sarki mai kula da asali da tambarin manyan gidaje.

Babban abin da ya yi shi ne na 1641. Da aka ga alamar yaƙi zai tashi tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da Majalisa, sai ya ɗauki wani mai zane, William Sedgwick, suka bi manyan majami'u, suna kwafe rubutun da ke bisa kaburbura, suna zana tambarin da ke jikin tagogi. Yaƙin kuwa ya tashi cikin 1642, sojojin Majalisa suka farfasa da yawa daga cikinsu. Har wa yau ya buga tarihin majami'ar St Paul ta London cikin 1658. Bayan shekara 8 gobara ta cinye ta, sai siffarta a takarda.

Littafinsa na Lardin Warwick ya fito cikin 1656. Ya bi lardin gari gari, yana kafa hujja da takardun mallaka da na shari'a, ba da ji-ta-ji-ta ba. Amma fa, a faɗi gaskiya, littafin na masu ƙasa ne. Mai neman kakansa talaka sai ya koma ga rajistar baftisma da aure da mutuwa, wadda aka umurci majami'u su riƙa ajiyewa tun 1538.

Da sarauta ta komo cikin 1660, aka ba shi duba lardunan arewa. Bai yi wa kowa kara ba, wanda duk ya ɗaura tambarin da bai gada ba, sai ya sa a kankare. Cikin 1677 ya zama shugaban ma'aikatar, aka ba shi lambar Sir. Ya rasu a gidansa, Blyth Hall, cikin 1686, aka binne shi a Shustoke. Cikin 1920 aka kafa ƙungiya da sunansa don buga tsofaffin takardun lardin.