Henry Head, likitan da ya sa aka yanke jijiyar hannunsa domin ya fahimci ciwon majinyata

An haifi Henry Head a birnin Landan ranar 4 ga Agusta, 1861. Ya yi karatu a Jami'ar Kembirij, ya ƙaro ilimi a birnin Prague a ƙarƙashin Ewald Hering, sannan ya dawo gida ya zama likita a Asibitin Landan, inda ya duƙufa kan cututtukan jijiyoyi.

A wannan asibiti ne shi da likitan fiɗa James Sherren suka riƙa duba mutanen da rauni ya katse musu jijiyoyin hannu. Majinyatan kan yi kukan zafi da sanyi marasa kan gado, amma da wuya su iya fayyace abin da suke ji yadda bincike ke buƙata. Head ya ga cewa amsar tana wajen likitan da ya ɗanɗana ciwon da jikinsa.

Ranar 25 ga Afrilu, 1903, aka yi masa fiɗa a hannun hagu. An yanke jijiyoyi biyu masu kai saƙon ji daga fata, aka kuma ɗinke su. Nan take wani yanki na sangalin hannunsa da bayan hannun ta wajen babban yatsa ya mace. Ko an soka masa allura ko an ɗora ƙanƙara bai ji, sai dai in an danna wurin da ƙarfi.

Fiye da shekara huɗu yana zuwa ɗakin abokinsa W. H. R. Rivers a Kwalejin St John's da ke Kembirij. Head kan zauna ya rufe ido, Rivers kuma ya gwada fatar da auduga da allura da kwalabe masu ruwan zafi ko na sanyi, yana rubuta duk abin da ya faɗa.

Sun gano cewa ji ba ya dawowa gaba ɗaya. Bayan makonni, abin da ya fara komowa shi ne ciwo, sai jin sanyi da zafi masu tsanani. Wannan ji ya zo da ƙarfin da ya wuce kima. Ɗan abu mai sanyi a wuri guda sai ya bazu, har a ji shi a nesa da inda aka taɓa. Jin taɓawa mai sauƙi, da bambance ɗumi-ɗumi, da gane ainihin wurin da aka taɓa, sun ɗauki lokaci mai tsawo kafin su biyo baya. Sun wallafa sakamakon a mujallar Brain a 1908, inda suka yi bayanin cewa fata na da tsarin ji iri biyu, ɗaya ɗanye, ɗaya mai tacewa.

Wilfred Trotter da Morriston Davies sun maimaita gwajin a jikinsu, suka ƙi amincewa da wannan fassara a 1909, kuma masana na baya sun yi watsi da yawancinta. Amma abin da Head ya siffanta ya tabbata. Har yau rashin jure sanyi na cikin ƙorafe-ƙorafen da suka fi daɗewa ga wanda jijiyar hannunsa ta yanke, ko da an ɗinke ta da kyau. Yatsu kan yi zugi, su sandare, su canja launi a yanayin da lafiyayyen hannu bai damu da shi ba.

Head ya shugabanci mujallar Brain daga 1910 zuwa 1925. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kula da sojojin da suka ji rauni a ƙwaƙwalwa da laka, abin da ya taimaka wajen rubuta babban littafinsa kan rikicewar magana a 1926. An ba shi sarautar Sir a 1927. A lokacin cutar karkarwa ta Parkinson ta riga ta raba shi da aiki. Ya rasu kusa da garin Reading ranar 8 ga Oktoba, 1940, ya bar wasiyyar dukiyarsa ga ƙungiyar masana ta Royal Society domin binciken likitanci.