Nana Asma'u da Su Jaji, Matan da Suka Riƙe 'Yan Taru

Da wuya a sami gida a cikin birnin nan da ba a san sunan Nana Asma'u ba. Wasu sun sa wa 'ya'yansu sunanta, wasu kuma sun yi karatu a makarantar da ke ɗauke da shi. Amma in aka tambayi yawancinmu me ta yi, abin da za a ce shi ne 'yar Shehu ce, malama ce, ta yi waƙoƙi. Duk gaskiya ne. Sai dai akwai wani aikinta da ba a cika faɗa ba, wanda kuma ya fi kusa da irin abin da mata suke yi in sun haɗa kai: ta kafa tsari, ta zaɓi matan da za su riƙe shi ba tare da albashi ba, tsarin kuma ya rayu bayan ranta.

An haife ta a Ɗegel, cikin ƙasar Gobir, wajen shekarar 1793. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan, amma maimakon a kira ta Hassana ko Usaina kamar yadda aka saba, sai Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sa mata Asma'u. Tana 'yar shekara goma da wani abu aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Don haka ƙuruciyarta ba ta hutu ba ce. Ta taso cikin tafiya da yaƙi da yunwa, ana ɗaure littattafai ana kwancewa daga wannan zango zuwa wancan, har Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kafa Sakkwato a shekarar da ta biyo baya. A cikin wannan hali ta haddace Alƙur'ani, ta yi karatun littattafai a gidansu, inda mata ke karatu kamar yadda maza ke yi. Ta iya Larabci da Fillanci da Hausa, tana rubutu da su duka, tana kuma jin yaren Buzaye. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda ya zama Wazirin Sakkwato.

Da Shehu ya rasu a 1817, ita da mijinta suna cikin waɗanda suka tsaya kan tattara rubuce-rubucensa da adana su. Da a nan ta tsaya ma, ai ta yi abin da za a tuna da ita.

To amma akwai matsalar da ta tsaya mata a rai. Yaƙe-yaƙen nan sun bar zawarawa da marayu masu yawa. Sun kuma kawo mata da yawa cikin garuruwan Daular, wasu a matsayin bayi, waɗanda ba su taɓa zama gaban malami ba, abin da suka sani na magani da neman taimako shi ne bori. Ga ƙauyuka nesa da Sakkwato da Wurno, inda mace za ta girma ta tsufa ba ta san farillan alwala ba. Asma'u mace ɗaya ce, matar Waziri, mai 'ya'ya da baƙi da hidimar babban gida. Ba za ta iya bin ƙauye-ƙauye ba. Matan aure masu ƙananan yara su ma ba za su iya barin ɗakunansu su zo wurinta ba.

Dabarar da ta ɓullo da ita, wajen shekarun 1830, ita ce 'Yan Taru. A kowane gari ko yanki sai ta zaɓi mace guda, dattijuwa, wadda mutanen wurin suka yarda da hankalinta da amanarta, ta naɗa ta jaji. Kalmar daga fatake take, jaji shi ne mai jan ayari. Alamar naɗin ita ce malfa, hular nan ta kaba mai faɗi, da jan rawani da ake naɗawa a kanta. Wannan ba ƙaramin wayo ba ne fa. A Gobir, Inna, wato babbar mace ta gidan sarauta wadda ke shugabantar 'yan bori, tana sa irin wannan malfar. Matan karkara sun san ma'anarta tun kafin a yi musu bayani. Asma'u ba ta ce a ƙona hular ba. Ɗaukarta ta yi ta ɗora a kan mai koyar da karatu, duk wadda ta gani ta san cewa ga shugaba nan, amma ta wani abu dabam.

Aikin jaji ba mai sauƙi ba ne, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe. Ita ce za ta tara masu tafiya, 'yan mata da ba su kai aure ba da tsofaffin da suka gama haihuwa, don su ne ke da damar fita. Ita za ta shawo kan iyaye su sakar mata 'ya'yansu. Ku duba dai, uwa ta ba da 'yarta 'yar shekara goma sha biyu a bi daji da ita a ƙafa, wani lokaci a kwana a hanya, ba don komai ba sai don ta yarda da matar da ke gaba. Jaji ce ke lura da guzuri da masauki da wadda ƙafarta ta kumbura da wadda ta fara rigima. In sun iso, sai su zauna gaban Nana ta koya musu, su haddace, su kawo tambayoyinsu da na waɗanda suka aiko su. Sukan zo da abin da ya sawwaƙa, hatsi ko man shanu ko zuma ko zare, ita kuma ta raba wa mabukata. In sun koma gida, aikin bai ƙare ba, lokacin ma ya fara: jaji da ɗalibanta su shiga gida-gida su isar wa matan aure abin da suka ɗauko. Bayan karatu, su ne ake nema wajen jinyar mara lafiya, da wankan gawar mace, da sulhu tsakanin maƙwabta, da kula da marayu.

Duk wannan babu ko sisin kwabo. Abin da jaji ke samu shi ne malfa, da girman da ke tare da ita, da ladan da take fata. Duk wadda ta taɓa riƙe littafin adashi ko kuɗin ƙungiya ta san irin wannan aikin: in ya tafi daidai ba mai tunawa da ke, in kwabo ya ɓace kowa ya san sunanki.

Asma'u ta gane cewa ba a tura mutum aiki hannu rabbana. Yawancin matan nan ba su iya karatun takarda ba, don haka ta zuba darussan cikin waƙa, a harshen da suke ji, yadda mace za ta rera tana kaɗi ko daka. Ta yi wadda ke jera sunayen surorin Alƙur'ani. Ta mayar da waƙar mahaifinta, Tabbat Haƙiƙa, zuwa Hausa. Akwai Goɗaben Gaskiya, akwai Waƙar Gewaye mai ba da tarihin jihadin, akwai wadda ta lissafa salihan mata tun daga matan Annabi (SAW) har zuwa na zamaninta, don ɗaliba ta ji cewa akwai irinta a cikin jerin. Ƙanenta Isa ya taimaka wajen mayar da wasu daga Fillanci zuwa Hausa. Abin da ya iso gare mu na rubutunta ya kai wajen sittin.

Abin da ya fi burge ni a cikinsu shi ne marsiyoyinta. Ta yi wa Sarkin Musulmi Bello da ya rasu a Wurno a 1837, ta yi wa mijinta Giɗaɗo, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ta kuma yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u, wadda ta shafe shekaru tana kawo mata ayarin mata. Da alƙalamin da ta yi makokin sarki, da shi ta yi makokin dattijuwar ƙauye. Shi ya sa yau, bayan fiye da shekara ɗari da hamsin, muka san sunan Hauwa'u. Shugabanni nawa ne suke tuna masu yi musu ɗawainiya har haka?

Mutane kan ɗauka cewa tara 'yan mata ƙarƙashin shugabannin sa-kai, da alamar muƙami da horo, daga Turai ya zo mana. Ƙungiyar 'yan mata ta Gaid, masu inifom ɗin nan da muke gani a makarantu, an kafa ta a Ingila a 1910. A lokacin, su jaji sun yi shekara saba'in ko fiye suna bin hanyoyin Sakkwato da malfunansu.

Nana Asma'u ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare, kusa da mahaifinta. Irin wannan lokacin ne ƙungiyoyi da yawa ke watsewa, in mai gayya ta tafi kowa ya kama gabansa. 'Yan Taru ba su watse ba, domin nauyin ba a kanta ita kaɗai yake ba, kowace jaji tana riƙe da nata ɓangaren, waƙoƙin kuma suna cikin kawunan mutane. Ƙanwarta Maryam ta karɓi jagorancin. A nan ne labarin ya taɓo mu Kanawa, don Maryam ɗin nan ta zauna a birnin nan, matar Sarkin Kano Ibrahim Dabo ce, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846. Bayan ta koma gida ne ta ci gaba da karɓar ayarin mata da naɗa sababbin su jaji, sannan wasu matan gidan suka gaje ta.

Turawa sun ci Sakkwato a 1903, suka kafa mulkinsu suka tafi a 1960, ba su ma lura sosai da wannan tsari ba, tunda harkar mata ce ta cikin gida. Sai daga baya wata Baturiya malamar makaranta da ta daɗe a Sakkwato, Jean Boyd, ta shiga bincike. Waziri Junaidu, wanda jinin Asma'u da Giɗaɗo ne, ya buɗe mata takardun gidansu, ta kuma tarar da tsofaffin mata a ƙauyuka suna rera waƙoƙin Nana da ka, wasunsu da malfarsu a ajiye. Littafinta kan rayuwar Asma'u ya fito a 1989, a 1997 kuma ita da Beverly Mack suka buga rubuce-rubucen Nana a dunƙule.