Furobel, mai lambun yara

An haifi Firedirik Furobel ranar 21 ga watan Afirilu na shekarar 1782, a wani ƙauye na ƙasar Jamus. Ubansa limamin coci ne. Uwarsa ta rasu tun bai cika shekara guda ba. Ya tashi ba shi da abokin wasa, sai itatuwa da tsuntsaye na bayan gida. Da ya shekara 10, kawunsa ya ɗauke shi riƙo. Da ya shekara 15, aka kai shi koyon aikin gandun daji.

A shekarar 1805 ya zama malamin lakwal a birnin Farankfot. Daga baya ya tafi ƙasar Suwis, ya yi shekara biyu wurin wani babban malami mai suna Pestalozi. A zamanin nan, yara suna zaune shiru cikin aji suna hadda, bulala tana kusa. Furobel ya lura cewa ƙaramin yaro da hannunsa yake koyo. In yana gini da ƙasa, yana koyon awo. In yana raba duwatsu, yana koyon lissafi.

A shekarar 1837 ya buɗe gidan wasa na ƙananan yara a garin Blankenburg. A 1840 ya sa masa suna Kindergarten, watau lambun yara. A ganinsa yaro kamar shuka yake, malami kuwa mai ban ruwa ne. Ya ba yara ƙwallaye masu taushi, kala shida. Ya ba su gunduwar itace mai siffar ƙwayar sukari, wadda ta rabu gida takwas, su warwatsa, su sake haɗawa. Suna waƙa, suna rawa, kowane yaro da ɗan fegin da yake shuka. Ya kuma koya wa mata aikin malanta.

A shekarar 1851 gwamnatin Purusiya, babbar masarauta a Jamus, ta hana lambun yara. Ta zarge shi da raba yara da addini. Abin ya yi wa tsohon zafi ƙwarai. Ya rasu ranar 21 ga watan Yuni na 1852, dokar tana nan. Sai a 1860 aka janye ta. Amma kafin nan ɗalibansa mata sun kai aikin Ingila da Amurka.

Faransawa sun fassara sunan, suka ce jardin d'enfants. Sunan da ake kiran makarantun ƙananan yara ke nan a Tawa. Yaran Adar kuwa sun daɗe suna gina shanu da raƙuma na laka, suna yin motar kara, suna langa da gaɗa a dandali. Irin wannan wasa ne Furobel ya shigar cikin makaranta.

Tambayoyi
1. Mene ne ma'anar Kindergarten?
2. Don me aka hana lambun yara?
3. Wane wasa na garinku yake koya ƙirga?