MARJORY DOUGLAS: 'YAR JARIDAR DA TA TSAYA WA KOGIN CIYAWA

A cikin shekarar 1993 ne Shugaban Ƙasar Amurka na wancan lokaci, Bill Clinton, ya bai wa wata tsohuwa mai shekara 103 lambar girma mafi daraja da ƙasar ke bai wa farar hula. Ita wannan tsohuwa, Marjory Stoneman Douglas, ba ta taɓa riƙe muƙamin siyasa ba. 'Yar jarida ce wadda ta yi shekara da shekaru tana jan hankalin jama'a da hukuma a kan wata babbar fadama mai suna Everglades, a kudancin Jihar Fulorida, har suka yarda cewa abin adanawa ce.

An haife ta ran 7 ga watan Afrilu, 1890, a birnin Minneapolis. Tana da shekara 6 iyayenta suka rabu, ta tashi a gidan kakanninta na wajen uwa a garin Taunton, cikin Jihar Massachusetts. Ta sami digiri a Kwalejin Wellesley a 1912. A 1914 ta auri wani mutum mai suna Kenneth Douglas, amma auren bai yi ƙarko ba, sai ta nufi Miyami a 1915 wurin mahaifinta, Frank Stoneman, editan jaridar Miami Herald.

A wannan jarida ta koyi aiki. Zamanin Yaƙin Duniya na Farko ta yi aikin agaji a Faransa tare da ƙungiyar Red Cross, ta komo a 1920 ta zama mataimakiyar edita, sa'an nan a 1923 ta ajiye aiki ta koma rubuta gajerun labarai, waɗanda suka ɗara 100.

Fadama ko kogi?

Tun kafin zuwanta shugabannin Fulorida sun ƙudura cewa Everglades wofintaccen wuri ne na sauro da kadoji, maganinsa kawai a tsane ruwan a yanka gonaki da filayen gini. Gwamna Napoleon Broward, wanda ya yi mulki daga 1905 zuwa 1909, shi ya sa aka shiga haƙa magudanai gadan-gadan, mahaifin Marjory kuwa yana cikin waɗanda suka soki shirin a jarida. Ita ma daga baya ta shiga kwamitin da Ernest Coe ya jagoranta, mai neman a keɓe wani sashe na fadamar ya zama gandun daji na ƙasa.

A farkon shekarun 1940 aka nemi ta rubuta littafi a kan Kogin Miyami. Da yake kogin ɗan ƙarami ne, sai ta nemi a bar ta ta yi rubutu a kan inda ruwansa ke fitowa. Ta yi shekara 5 tana bincike, tana kuma samun taimakon wani masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa, Garald Parker.

Abin da ta bayyana wa jama'a shi ne, ruwan Everglades ba a tsaye yake ba. Daga arewa yake tasowa, ya biyo Kogin Kissimmee ya faɗa Tafkin Okeechobee. In damina ta yi, tafkin ya cika ya batse, sai ruwan ya malala kudu zuwa teku, faɗinsa wajen mil 60, tsawonsa kimanin mil 100, amma a wurare da yawa zurfinsa bai kai gwiwa ba. Gangaren ƙasar bai wuce inci 2 a kowane mil ba, don haka tafiyar ruwan ba ta fi rabin mil a yini ba, yana ratsa wata doguwar ciyawa mai kaifin baki kamar zarto. Mai kallo sai ya ɗauka kududdufi ne, alhali kogi ne mai tafiyar hawainiya.

Wannan bayani yana da nauyi ƙwarai. Ruwan da ke kwance a fadamar shi ke tsima cikin ƙasa ya cika rijiyoyin da Miyami ke sha. In an tsane shi, ruwan gishiri na teku ya kutso cikin rijiyoyin, ƙasar kuma ta bushe ta kama wuta, kamar yadda ya faru a 1939. Wato duk wanda ya datse kogin a sama, ya taɓa randar mutanen da ke ƙasa.

Littafin ya fito a watan Nuwamba, 1947, da sunan The Everglades: River of Grass, wato Kogin Ciyawa, kuma bugun farko ya ƙare cikin wata guda. Ran 6 ga Disamba na wannan shekara Shugaba Harry Truman ya buɗe gandun dajin Everglades.

Sai dai a wannan shekarar ce kuma ambaliya ta yi mummunar ɓarna a kudancin Fulorida. Saboda haka a 1948 Majalisar Dokokin Amurka ta amince da wani babban shirin hana ambaliya, ta danƙa shi ga injiniyoyin soja. Suka gina magudanai da madatsai masu tsawon fiye da mil 1,000. Tsakanin 1962 da 1971 suka miƙe Kogin Kissimmee, wanda da yake karkace-karkace har mil 103, ya koma magudana mai mil 56. Gonakin rake da unguwanni suka cinye wajen rabin fadamar, tsuntsayen bakin ruwa irin su zalɓe da balbela suka ragu da kusan kashi 90 cikin 100.

Gwagwarmaya a tsufa

A 1968 aka fara gina wani ƙaton filin jirgin sama a dajin Big Cypress, arewa da gandun, a kan hanyar ruwan. Marjory tana da shekara 79, idonta ya fara rauni, ta kafa ƙungiyar Abokan Everglades a 1969, kuɗin shiga dala 1. Cikin shekara 3 membobinta suka kai 3,000. Da ƙoƙarinsu da na sauran ƙungiyoyi, gwamnatin Shugaba Nixon ta tsai da aikin a 1970, bayan an riga an shimfiɗa titin saukar jirgi guda, kuma a 1974 aka keɓe Big Cypress.

Daga nan ta juya kan manyan manoman rake. Ruwan da ke fitowa daga gonakinsu yana ɗauke da ragowar takin zamani, wanda ya sa wata ciyawa ta mamaye wuri ta kore ta asali. Irin ciyawar nan ce mutanen Haɗeja da Nguru ke kira kacalla, wadda ta toshe musu hanyoyin ruwa. Fadamun biyu kuwa suna cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar: Everglades ta shiga a 1987, ta Nguru a 2000.

Har ta haura shekara 90 tana halartar tarurrukan hukuma, sanye da malafa da baƙin tabarau, tana faɗa wa jami'ai gaskiya ba tare da kwana-kwana ba. Wasu masu filaye sun yi mata ihu a bainar jama'a, amma ko a jikinta.

Girmamawa kuma ba ta rufe mata baki ba. A 1991 Jihar Fulorida ta sa sunanta a kan dokar kare Everglades. Da aka sake fasalin dokar a 1994, ta ga an sassauta wa manoman rake wa'adin tsabtace ruwa, sai ta ce a cire sunanta, aka kuwa cire. Lambar da Shugaba Clinton ya ba ta, ta miƙa ta ga tsohuwar kwalejinta. A 1997 aka raɗa wa daji mai faɗin eka miliyan 1.3 cikin gandun sunanta.

Ta rasu ran 14 ga watan Mayu, 1998, tana da shekara 108, a ɗan gidan da ta gina a unguwar Coconut Grove tun 1926. Shekara 2 bayan rasuwarta Majalisar Dokoki ta amince da shirin maido da tafiyar ruwan Everglades, wanda aka ƙiyasta zai ci dala biliyan 7.8 a lokacin. A 2021 aka kammala cike mil 22 na magudanar Kissimmee, kogin ya koma tsohuwar hanyarsa, kuma rundunar injiniyoyin sojan da ta haƙa magudanar ita ce ta yi aikin cikewar.