Rowland Bingham (1872-1942): Bangaskiyar Da Ta Yi Girma Cikin Shakka Da Hasara

Yawancinmu a Bauchi mun san sunan Bingham ta wurin jami'ar da ke Karu da kuma asibitin koyarwa da ke Jos. Kaɗan ne suka san cewa mai wannan suna ya taɓa kai wa ga tambayar kansa ko Littafi Mai Tsarki maganar Allah ce, kuma sau biyu ya bar gaɓar Najeriya yana majinyaci ba tare da ya buɗe tashar bishara ko ɗaya ba. Tarihinsa abin nazari ne ga duk mai bi da yake kokawa da shakka a ɓoye, ko wanda aikin da ya ɗauka domin Ubangiji ya rushe a hannunsa.

An haifi Rowland Victor Bingham ranar 19 ga Disamba, 1872, a garin East Grinstead na ƙasar Ingila. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 13, ya bar iyalin cikin rashi. Yana da shekara 15 ya ba da gaskiya ga Yesu ta wurin wa'azin ƙungiyar Salvation Army. Ba da daɗewa ba lamirinsa ya hana shi ci gaba da sayar da taba a kantin mahaifiyarsa, abin da ya jawo saɓani a gida. Yana ɗan shekara 16 ya yi ƙaura zuwa Kanada. A birnin Toronto ya zauna ƙarƙashin Fasto John Salmon, wanda yake koyar da cewa warkarwar jiki tana cikin abin da Almasihu ya saya wa masu bi a kan gicciye. Saurayin ya karɓi wannan koyarwa da dukan zuciyarsa.

A 1893 ya sadu da wata dattijuwa, Uwargida Margaret Gowans. Ta ba shi labarin ƙasar da Turawa suke kira Sudan a wancan zamani, wato faɗin ƙasar da ke kudu da Hamadar Sahara, har da ƙasar Hausa. An ƙiyasta mutanenta sun kai miliyan 60, kuma bishara ba ta kai ga mafi yawansu ba. Ɗanta Walter ya riga ya ƙudura zuwa can, ko da yake ƙungiyoyin mishan sun ƙi aikensa. Bingham ya bi shi, wani Ba'amurke mai suna Thomas Kent ya zama na ukunsu. Sun sauka Legas ranar 4 ga Disamba, 1893, da ɗan guzuri kaɗan, ba wata ƙungiya a bayansu. Wani shugaban mishan da suka tarar a can ya gaya musu cewa su da 'ya'yansu ba za su ga ƙasar da suke nema ba, sai dai ko jikokinsu.

Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Bingham, aka bar shi a Legas domin ya riƙa aika wa sauran kaya. Gowans da Kent suka nausa arewa. A watan Nuwamba na 1894 Gowans ya rasu a Girku, a ƙasar Zazzau. A watan Disamba na shekarar Kent ya rasu a Bidda. A 1895 Bingham ya koma Kanada shi kaɗai, ɗauke da 'yan kayan abokinsa domin ya miƙa wa mahaifiyarsa. Dattijuwar ta nuna masa cewa ta fi son ɗanta ya mutu cikin biyayya ga kiran Ubangiji da a ce yana zaune a gida cikin rashin biyayya.

Zuciyar Bingham kuwa ba ta sami irin wannan kwanciya ba. Ya tafi Afirka yana dogara ga alkawaran warkarwa da ya ɗauka a bayyane suke cikin Nassi, ga shi kuma an binne mutum biyu waɗanda ya tabbata suna da bangaskiya. Tambaya ta haifi tambaya. In alkawarin warkarwa bai cika ba, da wane dalili zai amince da sauran alkawaran? Ya kai ga tunanin ko Littafi Mai Tsarki tarin tunanin 'yan Adam ne kawai, kamar yadda wasu masana na zamaninsa suke koyarwa. Ya yi watanni cikin wannan hali, kamar yadda shi da kansa ya rubuta daga baya.

Abin lura shi ne yadda ya bi da shakkarsa. Ya koma ga Littafin da yake shakka a kansa, ya sake karanta shi a tsanake. Sannu a hankali ya gane cewa kuskuren yana ga fassarar da ya yi wa Nassi. Allah yana warkarwa, amma bai ɗaure kansa da alkawarin cewa kowane mai bi zai warke daga kowace cuta a wannan duniya ba. Manzo Bulus ya bar Tarofimas da rashin lafiya a Militas, ya shawarci Timoti game da ciwon cikinsa, shi kansa kuma ya roƙi Ubangiji sau uku a kan ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ta ba. Wannan ganewa ta sa Bingham ya nemi ɗan ilimin aikin likita a wani asibiti a Cleveland, ya kuma ƙara karatun Littafi Mai Tsarki a New York. Ya yi aikin fasto a wata ikilisiyar Baftis a garin Newburgh. A 1898 ya auri Helen Blair, a shekarar kuma aka kafa majalisar mishan a Toronto. Daga baya, a 1921, ya wallafa littafi a kan batun warkarwa domin ya taimaki waɗanda suka faɗa cikin ruɗanin da ya faɗa.

A 1900 ya sake komowa Legas tare da samari biyu. Cikin 'yan makonni zazzaɓi ya sake buge shi, likita ya sa aka mai da shi gida. Samarin da ya bari suka karaya, suka biyo jirgi na gaba. Wannan faɗuwa ta fi ta farko ɗaci, domin yanzu akwai mutanen da suka ba da kuɗinsu suka kuma yi addu'a saboda maganarsa. Shekara bakwai ke nan da fara aikin, abin da ake iya nunawa kaburbura biyu ne. Ya ɗauki wannan lokaci a matsayin mafi duhu a rayuwarsa. Darasin da ya koya a wannan karo ya shafi girman kai: ya yarda cewa aikin zai iya ci gaba ba tare da shi ne yake kan gaba a fili ba. Ya zauna a Kanada yana neman ma'aikata da kuɗi, wasu kuma suka tafi.

A 1901 mutum huɗu suka tashi, a 1902 suka kafa tasha ta farko a Fategi, a bakin kogin Kwara, cikin ƙasar Nufawa. A wannan shekara ce kuma sojojin Birtaniya suka shiga birnin Bauchi. Ɗaya daga cikin mutum huɗun, Alex Banfield, shi ne ya yi aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Nufanci. A 1897 likita Ronald Ross ya riga ya gano cewa sauro ne yake yaɗa zazzaɓi, shan kwinin a kai a kai kuma ya rage mace-macen masu bishara ƙwarai. Dakta Andrew Stirrett, wanda Hausawa suka laƙaba wa Bature Mai Magani, ya iso a 1902, ya zauna har rasuwarsa a 1948, yana kuma cikin waɗanda suka yi aikin Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932. Daga Fategi aikin ya kai Wushishi da Egbe. A 1917 John Hall da Gordon Beacham suka buɗe Kaltungo, wadda take cikin Lardin Bauchi a lokacin. A 1924 aka shiga Damagaram a Nijar, a 1927 kuma ƙasar Habasha.

Bingham ya shugabanci ƙungiyar Sudan Interior Mission har ƙarshen ransa, yana kuma shirya wata mujallar Kirista a Toronto tun daga 1904. Ya rasu ranar 8 ga Disamba, 1942, lokacin da ƙungiyar take da ɗaruruwan ma'aikata a Afirka. A 1954 ikilisiyoyin da aikin ya haifa suka haɗu suka zama ECWA.

'Yan'uwa, a Bauchi da kewayenta akwai masu bi da suka yi addu'a da azumi a kan majinyaci, ya rasu. Akwai masu bishara da suka yi shekaru a ƙauye ba tare da ganin mai tuba ba, akwai kuma ɗaliban jami'a da suke da tambayoyin da suke tsoron furtawa a gaban dattawan ikilisiya. Wasu masu wa'azi suna gaya wa irin waɗannan mutane cewa ƙarancin bangaskiyarsu ne ya jawo musu, har wasu su daina shan magani domin su nuna sun gaskata. Rayuwar Bingham ta nuna illar wannan koyarwa, domin saura kaɗan ta raba shi da Ubangijinsa.

Saboda haka, fastoci da dattawa su ba mai shakka wurin yin tambaya, su zauna tare da shi a kan Nassi, kamar yadda Yesu ya yi haƙuri da Toma, ya kuma sake damƙa wa Bitrus aiki bayan ya yi musunsa sau uku. Majinyaci a yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti. Wanda aikinsa ya rushe ya bincika ko akwai abin da zai gyara, ya kuma yarda in Ubangiji ya ga dama ya cika aikin ta hannun wani. Bari Allah na dukan alheri ya ƙarfafa kowane ɗayanmu, ya riƙe mu da aminci har ranar Almasihu. Amin.